Dogon Hannun Riga

Duk zafin da ake yi, ma'aikaciyar inshorar ba ta taɓa naɗe hannun rigarta ba.

"Baba, an dace," ta ce wa mahaifina. "Wannan kamfanin zai yi maka inshorar rai, duk da wankin ƙodar."

Baba ya yi dariya. "'Yar nan, kin liƙe musu kamar kaska! Yanzu ko na tafi, yarana ba za su bar makaranta ba."

Da ta miƙa hannu ɗaukar jakarta, rigar ta zame. Na ga kumburarriyar jijiya da tabon allurai, irin na Baba sak.

Ta lura na gani. Ta yi murmushi, ta gyara rigarta, ta fita, Baba yana ta sa mata albarka.