Zakaran Bakin Tasha

Kwana uku da saukarsa, Auta ya gama yanke wa birnin hukunci: garin mahaukata ne masu tsabta. Ka gai da mutum ya dube ka kamar ka roƙe shi, amma ya durƙusa a titi ya kwashe kashin karensa da leda. Gidaje sun hau kan gidaje kamar kejin kaji, jirgin ƙasa kuma ya rasa inda zai bi sai rami, sai ka ce gafiya.

Ɗakin yayansa ma bai tsira daga bakinsa ba. Shekara bakwai Yaya yana aiko hotuna gida cikin kwat, a gaban gine-ginen gilashi, ashe gado ɗaya ne da katifar ƙasa, da taga mai kallon bangon wani. Kullum da safe Yaya zai goge kwat, ya rataya jaka, ya ce ya tafi ofis. Da yamma ya dawo wuya duk ƙurajen zafi a tsakiyar sanyi, ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi.

"Yaya, ko sau ɗaya ba za ka zaga da ni ba?"

"Aiki ba ya jira, Auta. Kana da ƙafa, kana da baki."

Baki kam yana da shi, sai dai ba irin na garin ba. Tela ne gwani, wanda a gida ake bin layi a ƙofar shagonsa. A nan ko tambayar hanya ta gagare shi.

Abin da ya fi tsone masa ido wani ƙato ne a bakin tashar jirgin unguwarsu, cikin rigar zakara tun daga kai har ƙafa: jan zanko, baki ruwan ɗorawa, fukafukan soso. Yana tsalle a gaban shagon soyayyar kaza, yana miƙa wa masu wucewa takardun talla. Ba ya magana, sai rawa. Nan Auta ya samu wurin sauke takaici. Duk sa'ad da ya zo wucewa sai ya tsaya, ya ƙare masa kallo, ya faɗa da Hausa, tunda ba mai ji:

"Allah wadaran naka ya lalace. Namiji da kai, wataƙila har da gemu, ka koma kaza saboda loma."

Zakaran sai ya kaɗa fukafuki, ya miƙa masa takarda.

Wata rana katin jirgi ya ƙi buɗe masa ƙofar tasha. Layi ya taru a bayansa, kowa na duba agogo. Yana ta dangwala katin yana gumi, sai ga fiffiken soso ya zo ta kafaɗarsa, ya juya katin, ƙofa ta buɗe. Auta ya wuce ko godiya babu.

"Wato har kaza ta fi ni wayau a garin nan," ya ce, ya ja tsaki.

Bayan mako biyu, takardar da zakaran ya miƙa masa ba ta kaza ba ce. Hoton keken ɗinki ne da aka yago daga jarida, an zana kibiyoyi da biro a bayanta: tasha huɗu, hagu, hagu, dama. Auta ya bi don dai ya samu abin dariya. Ya tarar da shagon gyaran tufafi na wata tsohuwa mai tabarau. Ya nuna mata takardar, ta jefo masa wando mai yagaggen aljihu, ya ɗinke. Da ta ɗaga ɗinkin ta duba a hasken fitila, sai ta jawo masa kujera.

Daga nan birnin ya fara rage muni, ko da yake Auta bai yarda ba. Ya koyi ƙirga da harshensu, ya koyi "a rage tsawo" da "dawo jibi". Wani maƙwabci da ya sa wa suna Gunki don ba ya amsa gaisuwa ya riƙe masa ƙofa ranar da ya ɗauko kaya. Ya gano gada inda ake ganin rana na faɗawa cikin kogi, har yakan sauka tasha ɗaya kafin tasu don ya bi ta kai.

"Mahaukata ne har gobe," ya ce wa Yaya, "amma mahaukatan da suka san lokaci. Zakaran nan kuwa, wallahi ya fi wasu masu kwat amfani."

Yaya ya ƙara ruwan zafi a roba, bai ɗago ba.

Da zafi ya shigo, Auta ya ɗinka wa zakaran 'yar shara ta auduga mara nauyi da zai sa a ƙarƙashin rigar soson, ya ƙiyasta awon da ido. Ya iso tasha da rana tsaka, ya hango shi yana tangaɗi. Takardun suka zube, mutane suna takawa suna wucewa. Zakaran ya dafa bango, ya lallaɓa lungun da ke bayan shago.

Auta ya sayi ruwan gora, ya bi shi a guje. Ya same shi zaune a kan akwatin lemo kusa da kwandon shara, yana kokawa da ƙaton kan nan, fukafukan sun ƙi kamawa. Ya ajiye gorar, ya sa hannu biyu yana ja yana faɗa.

"Kai ma dai da wauta! Wa ya aike ka? Ba ka da 'yan'uwa ne da za su hana ka wannan abin kunya? Ai ni da ɗan gidanmu ne, da na..."

Sai kan zakaran ya fita.

"In ka gama, miƙo min ruwan, Auta," in ji Yaya.