Randar da Aka Kankare

Bari in ba ka misalin wata mata a wani ƙauyen Maguzawa, wadda mijinta ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya, ana saura kamar mako biyu a shiga noman farko. Gonarsu ta dawa guda ɗaya ce, ita ce cinsu na shekara, ciyawa kuwa ba ta jiran ɗori ya kama. Abin da ya rage mata shi ne gayya. A garin nan gayya tana da doka: mai gona ya kawo tuwo da giya, majiya ƙarfi su kawo fartanya. Tuwo ko ba nama ana yafewa, giya ba a yafe ta. Kuma layi ake bi, kowane gida da ranarsa. Saboda halin da mijin ke ciki aka ba ta ranar farko, amma in ta wuce, sai an zagaye gari kaf kafin a dawo kanta.

Surukarta, wadda ta rasu da rani, ita ce mai dafa burkutun gidan, ta kuma bar mata wata tsohuwar randa. Cikin randar baƙi ƙirin, ɓawo kan ɓawo, in an ɗaga faifai wani tsami-tsami ke bugun hanci. Tsohuwar ba ta taɓa bari a sa mata soso ba, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba, don ita ma haka ta gada. Matar nan kuwa ta taɓa makaranta, ga tsabta, ga kai. Da yayanta na birni ya ji labari, sai ya aiko mata da wani kwali na masu koyon haɗa giya a gida: bokitin roba mai famfo, ma'aunin zafi, hodar wanke kaya, ɗan ƙullin yis a leda, wato garin da ke tayar da giya, da takardar bayani mai hotuna. Sau uku ta karanta takardar. Abu ɗaya aka yi ta nanatawa a ciki: duk abin da giya za ta taɓa, a wanke shi tas. Bokitin ba zai shayar da mutum goma ba, ga arba'in za su zo, don haka dole randa ta shiga aiki. Ta zuba hoda, ta kwarara tafasasshen ruwa, ta sa gutsuren kasko ta yi ta kankara har jan yumɓu ya fito. Ta ja da baya tana kallonta, ranta fari ƙal.

Sauran aikin duk ta yi shi daidai, wallahi ba inda ta kuskure. Ta ɗebi rabin dawar da ta rage musu ta ci kafin kaka, ta jiƙa, ta tsirar, ta niƙa, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa, ta bari ya huce sai da ma'auni ya tsaya inda takarda ta ce. Ta barbaɗa yis, ta rufe. Abin da takarda ba ta sani ba shi ne ƙullin nan ya yi kwana huɗu a bayan motar kaya cikin rana, ya mutu tun a hanya. Abin da matar ba ta sani ba kuma shi ne baƙin ɓawon da ta kankare, shi ma yis ne, mai rai, wanda ya saba da zafin garin tun kafin a haife ta. Ana gobe gayya ta ɗaga faifai, shiru. Ba kumfa, ba wannan ɗan tsakin da giya ke yi in ta tashi. Ta suri ƙwarya ta nufi gidan wata tsohuwa mai dafawa, ta roƙi ɗan gindin giya da za ta tayar da tata. Tsohuwar ta dube ta ta ce, "Ayya 'yar nan, ai ni ma taki nake jira ta tashi in ɗiba. Duk garin nan daga randar surukarki muke kunnawa."

Da safe maza suka zo da ganga. Aka miƙa wa sarkin noma ƙwaryar farko, ya kurɓa, ya juya abin a baki, ya ce, "Uwar gida, wannan kunun na mai jego ne ko na mai ɗori?" Aka yi dariya, ita ma ta yi yaƙe. Ba wanda ya zage ta. Sun kama kunya-kunya suna noma, amma hantsi na ɗagawa wani ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, wani ƙotar fartanyarsa ta yi sako-sako, makaɗi ya rataya gangarsa. Kafin rana ta take, dattawa uku suka rage, an nome kwata.

Daga nan ruwa ya sauka ba ƙaƙƙautawa. Ta shiga gonar ita kaɗai, abin da ta share Litinin kafin Juma'a ya rufe. Mijin na kwance a ɗaki yana tambayarta ina aka kai, tana ce masa ana nan ana yi. Harƙiya ta haye kan dawa, ganye ya yi ɗorawa, kara ya tsaya kamar tsinke. Ranar da layi ya zagayo, sarkin noma ya tsaya a bakin gonar ya duba, sannan ya ce wa mutanensa su wuce gona ta gaba, nan ba sauran abin ceto. Da kaka, gonar da ke ba da dami sittin, dami bakwai ta ɗaure.

Ka ga, takardar ba ƙarya ta yi ba, matar kuma ba wawiya ba ce. Ta dai yi gyara kafin ta tambayi me dattin yake yi a wurin. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.