Tsibirin Jan-baki

Ka ce ba ka ga amfanin ƙasashe su riƙa zama suna shawara ba, kowa ya ji da gidansa. To, saurara. Ni ba mai dogon zance ba ne.

Akwai wani kogi da ya raba ƙasa biyu. Wannan gaɓa ana ciniki da naira, waccan da saifa, amma shinkafa iri ɗaya ake shukawa. A tsakiyar ruwan akwai tsibiri, rabinsa sarƙaƙiyar ƙaya, rabinsa laka mai kyau. Ba a taɓa yanke ko na wa ne ba, don kogin ba ya zama wuri ɗaya: bana ya zurfafa ta nan, baɗi ta can. Wani manomi a gaɓar naira, Jatau, yana da ɗan fegi a kan lakar, inda yake sa kankana da rani in ruwa ya ja. Fegin bai fi shimfiɗar tabarma ashirin ba. Abincin gidansa kuwa, baki goma sha ɗaya, gonar shinkafa ce da ke bakin gaɓa.

Wata damina, shinkafa ta yi ciki, sai tsuntsayen jan-baki suka sauka a ƙayar tsibirin suka yi sheƙa, har rassa suka ranƙwafa. Duk manomi ya san daga ƙyanƙyasa zuwa tashi mako biyu ne da 'yan kwanaki. In aka shiga da maƙata aka zazzago sheƙunan kafin 'ya'yan su yi fiffike, an huta, har a samu na soyawa buhu-buhu. In suka tashi kuwa, sai dai Allah ya kyauta. Aikin ya fi ƙarfin gari guda. Mutanen ƙetare ke da jiragen ruwa, garin su Jatau ke da yawan majiya ƙarfi.

Isufu, wani masunci daga ƙetare, ya tuƙo jirginsa da saƙon mai garinsu: a sa rana, a haɗu a tsibirin. Ya tarar da Jatau yana ɗaura gwangwanaye a igiya, ya zagaye gona da su.

"Sannu da kiɗa, Jatau. Biki za ka yi musu?"

"Korarsu zan yi, su je su ci taku."

"In sun gama tamu fa, azumi za su ɗauka?"

Jatau ya ci gaba da ɗaurinsa. Hankalinsa na kan fegin kankana. In aka shiga tsibirin tare, gobe mutanen ƙetare za su ce da guminsu a wurin, a raba. Haka ya miƙe ya faɗa a ƙofar mai gari, dattawa suka gyaɗa kai. Aka ba Isufu amsa: su ba da aron jirage, mu yi aikin mu kaɗai. Mutanen ƙetare suka ce a'a, wanda ya sare daji shi kaɗai ai ya zama mai wuri. Aka koma gardamar ƙafar wane mai gari za ta fara taka tsibirin. Aka kai kuka wurin hukuma. Ta nan ta ce jirgin sama mai feshin maganin tsuntsaye ba ya kusantar iyaka sai da takarda daga babban birni. Ta can ma haka ta ce. Kwana goma sha biyu Isufu yana kai da komo da saƙo, har kamun kifinsa ya tsaya.

Wata safiya Jatau ya hango wani abu kamar hayaƙi yana tashi daga tsibirin. Ba hayaƙi ba ne, 'ya'yan tsuntsayen ne suka tashi. Lokacin shinkafa ta fid da kai, ƙwayarta na ruwan nono, daidai yadda jan-baki ke so. Ya ja igiyar gwangwanaye har tafin hannunsa ya tsage. Duk gidan suka fito, masu majajjawa na jifa, masu tasa na bugawa, murya ta dushe. In an kore su gabas sai su sauka yamma. A ƙetare ma ihun da ake yi ke nan, iska na kawo shi. Ran kwana na huɗu tsuntsayen suka wuce, don ba sauran abin ci. Jatau ya murza zangarniya a hannu, ya hura, ba abin da ya rage. Gonar da kan cika rumbu, abin da aka share daga cikinta jaki ɗaya ya kai gida. Kafin rani ya raba ya sayar da shanun huɗa, manyan 'ya'yansa biyu suka tafi ci-rani, ɗaya bai dawo ba har yau.

Bayan kaka masu garin biyu suka zauna a inuwar tsamiya, kowa da jama'arsa, duk an rame. Kafin shayi ya huce an gama magana: duk wanda ya fara ganin sheƙa ya buga ganga, gari biyu su fito tare, kada kowa ya tambayi na wa ne tsibiri sai an sauke maƙata. Jatau ne ya fara cewa ya yarda. Ba wanda ya dube shi.

Fari da annoba da ambaliya duk haka suke, inda maƙwabta suka bar tsakani nan suke yin sheƙa. Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.