Jan Hatimi a Kan Ƙuri'a

"Wannan ta lalace!" in ji malamin zaɓe. Ya ɗaga ƙuri'ar sama don kowa ya gani, kamar yadda ake yi wa kowace.

Zaɓenmu na farko ke nan bayan shekara arba'in a hannun jam'iyya ɗaya. Ita ta shimfiɗa mana tituna, ta gina masaƙu, ita ce kuma ta kai Babana kurkukun tsibiri saboda takarda guda da ya rubuta. Tokar gawarsa aka dawo mana da ita.

Saurayina na tsaye gefena. Jiya ya durƙusa gaban hoton Baba da turare a hannu, ya rantse ko da bindiga ba zai zaɓi jam'iyyar ba.

"Wane sakarai ne wannan?" in ji wata mai sayar da taliya. "Ga hatimin hukuma a rumfar zaɓe, ya zaro na sunansa ya danna! Malam, karanto mana sunan gwanin!"

Aka bushe da dariya. Mu da hatimi muke sa hannu tun tasowarmu, hannu ya riga ya saba.

Malamin bai karanta ba, amma ina sahun gaba. Jar tawadar na zaune daram a kan ɗan takarar jam'iyya. Haruffa uku ne, waɗanda ke ƙasan kowace wasiƙar soyayya da na ɓoye a akwatina.

"Masaƙar jam'iyya ke ciyar da gidanmu," saurayina ya raɗa mini. "Kuma ai ba za a ƙirga ta ba."

Na zare hannuna daga nasa.

"Ni na ƙirga ta."