Ƙosan Inna Tambai

Tun da man dizal ya ɓace aka daina suya a garinmu. Duk man gyaɗar da mata suka matsa rumbun gari ake kai shi, a gauraya da man darbejiya don kada kowa ya yi kwaɗayinsa, a zuba wa tsohuwar taraktar da ke nome gonakinmu.

Barau ne direbanta. Ranar da jikin mahaifiyarsa, Inna Tambai, ya yi tsanani, ba ta nemi komai ba sai ƙosai. Ya tafi wurin Malam Jatau mai tsaron rumbu.

"Malam, ko ludayi ɗaya ne a taimaka mini."

"Da jiya ka zo, Barau. Da safen nan muka gauraya. Yanzu ko kare ba zai lasa ba."

Barau ya koma gona, ya kasa aiki. Da la'asar ya juyo da taraktar, ya tsayar da ita bayan ɗakin Inna, ya bar injin a kunne. Hayaƙi ya riƙa shiga ta taga, mai ƙamshin suya da ɗan ɗaci-ɗaci. Maƙwabta suka fito suka tsaya, suna haɗiyar yawu.

Da ya shiga, ya tarar idanunta a rufe, bakinta na motsi kamar mai tauna.

"Barau, Lantana ce ke suya?"

Lantana ƙanwarsa ce, ta rasu shekarar da aka yi yunwa.

"Ita ce, Inna."

"Man yana ƙonewa. Ka ce ta rage wuta, ga ni nan zuwa."