Ranar da Assaga Ta Yi wa Ilimi Kuka

Sufeton makarantu ya ɗaga ƙyallen tantin da niyyar rufe lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, domin an gaya masa cewa a sansanin Assaga ni da allo kaɗai muke zuwa aji. Sai ya tarar da dattawa da jikokinsu maƙil, kowa bisa buhu.

Na ɓoye mamakina, na tattaro abin da jami'a ta bar mini. Na ce neman ilimi farilla ne, kuma al'ummar da ta yar da shi ta hure fitilarta da bakinta. Hawaye suka ɓalle. Liman ya share hanci da rawani. Sufeton kansa idonsa ya yi ja.

"Mushe, ban taɓa ganin ƙishin ilimi irin wannan ba," in ji shi, don Mushe ake kiran malamin lakwal a nan. "Duk mako zan dawo in same su."

Da ya tafi, mai gari ya yi atishawa.

"Ɗana, duk mako? Mu fa motar hukuma muka hango, muka rugo muka zauna bisa barkonon da aka hana mu sayarwa."

Na miƙa masa alli. Bana yana aji biyu.