Ƙwan Zabbi a Gidan Yaya

Da na shiga gidan yayata a Yalwan Damai, abin da na fara gani shi ne zaren da aka ɗaura wa ɗanta a ƙafa ya nutse cikin fata. Tsakiyar damina ce, gero bai nuna ba, gyaɗar da ake yi masa kunu kuwa an shuka ta. Yaya tana gona. Surukarta, Inna, tana ba shi kunu tsululu.

"Kin ga angona?" ta ce tana dariya. "Tun da aka yaye shi yake ƙiba."

Na danna ƙafarsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ko kallona bai yi ba. Yau na san tamowa ce, domin ya rasu kafin kakar shekarar, kuma har yanzu raina na ɓaci idan na ji ana yabon kumatun yaro da damina.

A gefen Inna akwai ƙwarya cike da ƙwan zabbi, wanda za a kai kasuwar Gwaram. Ta ga ina kallo.

"Ba a ba yaro ƙwai, ɓarawo yake zama."

Ban saba magana gaban manya ba. Na sunkuyar da kai.

"Inna, ko da zai zama ɓarawon, don Allah ki ba shi ɗaya."